Ranar da Na Hau Soron Inna

Har yau idan hadari ya haɗo daga gabas, iska ta kawo ƙamshin ƙasa kafin ɗigon farko ya sauka, sai in ji tafin ƙafata yana sanyi. Bari in gaya miki dalili, ko da yake abin ya daɗe.

Ina da shekara tara, a ƙauyenmu da ke gefen Shanono. Inna ta haifi ƙanena, kwana biyar ke nan, tana jego a soronta. Shi kaɗai ne soro a gidanmu, sauran duk ɗakunan ciyawa ne, kuma a cikinsa gadon ƙasa yake, wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa don mai jego ta ji ɗumi. Bangon gabas ya tsage tun bara. Baba yana ta cewa zai yi masa yaɓe, aikin gona bai bar shi ba.

Ranar kasuwa ce. Baba da mazan unguwa duk sun tafi tun da hantsi, shi zai sayo ragon suna. Bayan azahar iska ta taso, ta karyo reshen darbejiya, reshen ya faɗo kan indararon soron, wato bututun yumɓun da ke zubar da ruwan rufi nesa da bango. Ya farfashe har gindi. Saura rami kawai, daidai saman tsagar nan.

Kowa ya san abin da ke biye. Ruwan rufin gaba ɗaya zai bi bango ya shiga tsaga, kuma bangon ƙasa idan ya sha ruwa zama yake yi. Ba a gini da damina. Inna da jariri za su ƙare arba'in a ɗakin ciyawa mai yoyo, ba gadon wuta.

Gwaggo, ƙanwar Baba da ta zo taya jego, ta mayar da Inna ɗakin Kaka, ta hau kwashe kwanuka tana salati. Kaka kuwa ta tsaya gindin bangon da sandarta, tana duban ramin, tana duban gabas. Sama ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Sai ta juyo gare ni.

"Ke mai tarkace, me kike da shi a bayan rumbu?"

A bayan rumbu nake da wani lungu da nake tara abin da aka yar: fasassun tukwane, gwangwanaye, tsohuwar robar keke. A nan nake gina wa 'yar tsanata gida. Kaka ce ta hana a taɓa min wurin. Ba ta taɓa koya min komai a can ba. Takan zo dai ta tsaya, ta ce, "Wannan kuma mene ne?" in yi mata bayani, ta gyaɗa kai ta wuce.

Na ruga na kawo wuyan wani fasasshen tulu. Kaka ta juya shi a hannu, ta miƙo min.

"Ɗora shi a bango mu gani. Ina ruwan zai faɗa?"

Na ɗora. Ni da kaina na ga ya yi gajere, ruwan zai lashi bango. Na ji kuka yana taso min. Kaka tana tsaye tana jira, ga tsawa ta fara. Wannan jiran nata ya fi min duka zafi.

Sai na tuna rufin gidan 'yar tsanata, ɓallin tsohuwar garwa da na buge da dutse har ya miƙe. Na ɓamɓaro shi, na lanƙwasa shi a kan taɓarya ya yi kwari, na cusa bakinsa cikin wuyan tulun, na ɗaure da robar keke. Na zura karan dawa biyu a ƙarƙashinsa don kada nauyin ruwa ya karya shi.

Saura hawa. A garinmu mace ba ta hawa rufi. Ko namiji zai hau, sai ya aika maƙwabta a gaya wa mata su shiga ɗaki.

"Yaya zai dawo ya ji 'yarsa ta hau soro?" in ji Gwaggo. "Ni dai babu ruwana. Idan ta faɗo fa?"

"Riƙe mata tsani," in ji Kaka. "Da ruwanki yanzu."

Na hau. Iska tana jan zanena, na ɗaure shi a ƙugu. Ban duba gidan kowa ba, ramin kawai nake gani. Na cusa wuyan tulun, ya ƙi zama, yana rawa. Ɗanyar laka ba za ta yi ba, ruwa zai wanke ta. Na leƙa ƙasa na ce a ba ni tsumma. Gwaggo ta saki tsani da hannu ɗaya, ta cire ɗankwalinta ta jefo min. Na yayyaga shi da haƙori, na tottoshe gefe da gefe da tsinke, na danne da fasassun indararon. Ɗigon farko ya same ni a wuya ina kan tsani.

Muka tsaya a ƙofar ɗakin Kaka mu uku. Ruwa ya kece. Da farko babu abin da ya fito ta garwar. Can sai ta yi tari, ta feso jan ruwa, ya faɗa nesa da bango kamar taku biyu. Tana karkarwa, amma ba ta faɗi ba. Gefe ɗaya ya yi ɗan yoyo, bango ya jiƙe kamar faɗin faifai, ya tsaya nan.

Baba ya dawo gab da magariba, jiƙe sharkaf, yana jan rago. Ya daɗe yana duban abin. Ya ce wa ya hau. Kaka ta ce ita ta sa. Na ɓuya bayan turmi ina jiran kira. Da safe ya hau da kansa, ya jijjiga shi, ya sauko, sannan ya kira ni.

"Zo ki nuna min yadda kika ɗaure nan."

A soron aka yi suna, a cikinsa Inna ta gama arba'in.

Yanzu rufin kwano ne ko'ina, abu ya lalace sai a kira mai gyara a waya. Ni ma da nake ba ki labarin nan, idan 'ya'yana suka kawo min abin da ya ɓalle, kafin su rufe baki na karɓe na gyara, don na fi su sauri. Sai da na girma na gane wahalar da tsohuwar nan ta sha, tsaye ga hadari a kanta, ta bar yarinya tana tunani.

Makon jiya ƙofar akurkin kajinmu ta cire. Autata ta ce ita za ta gyara. Na zauna a tabarma na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya. Tun hantsi take fama har aka kira la'asar. Ƙofar a karkace take, kuma kullum na wuce sai hannuna ya yi ƙaiƙayi. Ban taɓa ta ba. Kaji dai ba su fita.