Leah Mai Tarwaɗa da Kifin Digiri

Shekara ashirin Leah tana kiwon tarwaɗa a bayan gidanta a Rikoto da ke Zuru, tun da mijinta soja ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu. Ba ta da fara'a, amma kifinta ba ya mutuwa. Dokarta ɗaya ce: manya gefe, ƙanana gefe, don babbar tarwaɗa haɗiye ƙanwarta take yi.

Autarta Sandra tana digiri na biyu a jami'a. Da aka shiga yajin aiki aka rufe ɗakin bincike, sai ga ta a Zuru da bokiti biyu, ja da shuɗi, na wasu kifaye masu zane-zane, ko tsawon yatsa ba su kai ba.

"Yaushe za su girma?" in ji Leah.

"Sun gama girma, Mama."

"To, an cuce ki."

Sandra ta yi mata bayani. 'Ya'yan wannan kifi garau suke kamar gilashi, ana ganin yadda jini ke fara samuwa a jikinsu. Na jan bokiti suna ɗauke da gadon ƙarancin jini, na shuɗi lafiyayyu ne, a ido kuwa duk ɗaya. In suka gauraya, aikin shekara biyu ya tashi a banza.

Leah ta ji. Amma ran da Sandra ta tafi biki garin Manga, ta leƙa ta ga manya da ƙanana a haɗe, abin ya tsaya mata a rai. Ta ɗauko rariya ta yi aikin da ta iya: manya a ja, ƙanana a shuɗi.

Sandra ta dawo, ta duba, ta zauna a ƙasa da kayan bikin a jikinta.

"Ko ɗaya bai mutu ba," in ji Leah.

"Mama, yanzu ta ina zan gane marasa jinin?"

"Da kin bari na ba su zogale, ai da babu marar jini."

Hanya ɗaya ta rage: a haɗa su mace da namiji, kowane biyu a mazubinsu, a duba 'ya'yan da za su ƙyanƙyashe. Leah ta kwaso kwanoninta na aure kaf ta jera a ɗaki. Mako bakwai gidan na cin tuwo a murfin tukunya, Sandra na duƙe da madubin ƙara girma, uwar na canja ruwa tana tsaki.

Cikin kifaye arba'in an tantance talatin da ɗaya. Sun isa, Sandra ta gama digirinta.

Leah ba ta ba da haƙuri ba. A coci ma ta gaya wa mata cewa ba don kwanoninta ba, da yarinyar ba ta gama ba. Rabin maganar gaskiya ne.