Takun Kawu Baballe

Kawu Baballe, yayan mahaifiyata, ya yi shekara ashirin da shida yana buɗe ƙofar ruwa a kanal ɗin da ke shayar da gonakin ƙauyenmu, kusa da Bunkure. Aikin bai bar masa aboki ba. Wanda ya samu ruwa da safe ya ce an makara, wanda ya samu da la'asar ya ce an cuce shi. Kawu kuwa ba ya rarrashi. In ka zage shi, sai ya haɗa da kakanka.

Da ya ajiye aiki sai ya shige soro da reza da almakashi. Na dawo daga karatu a Malesiya na tarar da abin da ya shekara shida yana yi: gonakin sashenmu kaf, ya gina su da kwali a kan wani tsohon ƙyaure. Kanal ɗin kwalin sabulu ne da aka shafa wa bula. Shinkafa takardar buhun siminti ce, an yanka siri-siri, an liƙa da ƙaro. Har ƙofar ruwan tana nan, da tsinke ake ɗaga ta.

"Kada ka taɓa," ita ce marabar da ya yi mini. "Ku 'yan boko da yatsa kuke kallo."

A lokacin Mudassiru, manomin tumatir, yana rigimar iyaka da maƙwabcinsa Gidaɗo, Bafillacen da ya zauna yana noman shinkafa. Ran nan Mudassiru ya leƙa soron, ya ga gonar Gidaɗo ta kwali ta fi tasa girma. Kafin azahar gari ya ɗauka: Baballe na haɗa taswira zai miƙa wa hukuma, a yanki gonar Mudassiru a ƙara wa Gidaɗo. Mudassiru ya rantse sai ya ƙone kwalin, ya kuma kai ƙara wurin mai unguwa. Aka sa zama bayan sallar Juma'a.

Na tambayi Kawu yadda ya yi awo.

"Da ƙafata mana. Taku goma, faɗin yatsa ɗaya. Ko akwai wanda ya fi ni sanin gonakin nan?"

Na ari tef na je na auna. Gonakin biyu kusan ɗaya suke. Da na sake duban kwalin sai na lura duk gonakin da ke gabas da ƙaramar gada sun kumbura, ba ta Gidaɗo kaɗai ba; ta Mudassiru kuwa a yamma take. Matar Kawu, Inna Talatu, ita ta warware mini. Ya fara auna gabas ne bayan ya faɗi a babur a hanyar Kura, ƙugunsa ya goce. Takunsa ya gajarta, ƙirga ta ƙaru, yatsan kuwa yana nan yadda yake.

Matsalar ita ce Kawu bai taɓa yarda yana ɗingishi ba. Sandar da mai ɗori ya ba shi, a bayan rumbu ya jefa ta.

Na gaya masa a hankali. Ya ajiye reza.

"Wa ya aike ka? Jirgi ka hau ka dawo don ka ce mini gurgu?"

Kwana biyu bai amsa gaisuwata ba.

Ran Juma'a aka ɗauko ƙyauren aka ajiye a ƙofar gidan mai unguwa. Mudassiru ya zo da ashana a aljihu, yana kaɗa ta don a ji.

"Ranka ya daɗe, duba nan," in ji shi. "Shekara ashirin yana hana ni ruwa, yanzu kuma ya koma cin gonata da almakashi. Tsoho da wasan yara!"

"Ruwan da ka sata da bututu ya ishi gona uku," in ji Kawu.

Mai unguwa ya tsawatar, sannan ya ce, "Baballe, gonar Gidaɗo ta fi girma a nan ko ba ta fi ba? In da gangan ne, kwalin nan ba zai koma gida ba."

Kawu ya dubi ƙyauren. Sai ya miƙe, ya ja layi a ƙasa da takalminsa.

"Ku ƙirga."

Ya yi taku goma a gaban jama'a, yana jan ƙafar hagu, bai ɓoye komai ba. Ya juyo.

"Kai mai ashana, yi naka goman."

Mudassiru ya yi, ya wuce shi da nisa.

Kawu ya ce, "Gonarka na auna ta da lafiyayyar ƙafa irin taka. Ta Gidaɗo da wadda ta rage mini. Shi ke nan."

"To ka gyara!"

"Ba zan gyara ba. Idona ba zai sake yanka shinkafar rabin gari ba. Yamma Baballe na da ne ya yi ta, gabas na yanzu. Wanda bai so ba ya daina leƙa mini soro."

Mai unguwa ya ce kwali ba shaida ba ne, a je da dattawa a duba iyakar a gona. Mudassiru ya tofar da yawu ya tafi, har yau ba sa gaisawa. Gidaɗo ma ya tafi yana ƙunƙuni, wai ashe ba don ƙauna aka ƙara masa ba.

Kawu ya ja layi da jan biro daidai gadar, ya ci gaba da ginin gabas yadda yake, a kumbure. Na ajiye masa tef ɗin a bakin soro, ya wurgo mini shi waje. Washegari na hange shi a bakin kanal yana auna wata gona da taku, yana zagin wani mai wanki, sandar nan ta bayan rumbu a hannunsa.