Na'urar da Aka Kulle a Sito

Har gobe ba zan manta da ranar da aka tozarta Sani a gaban baƙi ba. Lokacin ina koyar da kanikanci a wata cibiyar koyon sana'a a Kazaure. Tsarinmu shi ne ɗalibi ya fara da birki da giya, sannan inji, daga ƙarshe wayarin. Motocin yanzu kuwa kunne kaɗai ba ya gano ciwonsu, sai an jona musu wata na'ura ta nuna inda matsalar take.

Muna da na'urar, sabuwa fil, amma tana kulle a sito. Duk sanda na nema sai shugaban cibiyar ya ce, "Malam Habu, yaran nan lalata ta za su yi."

Sani kuwa ba yaro ba ne. Magidanci ne daga Gwiwa, ya ajiye acaɓa ya zo koyon sana'a, kuma duk ajin babu mai hannunsa.

Ranar da manya suka zo duba cibiyar, sai ga na'ura an fito da ita, an miƙa wa Sani ya riƙe a ɗauki hoto. Babban baƙon ya ce, "Jona ta mu gani."

Sani ya juya ta gaba, ya juya ta baya, gumi na tsiyaya. Ko wajen kunnawa bai sani ba. Shugaba ya yi tsaki ya ce, "Ranka ya daɗe, daƙiƙi ne. Kullum ana koya musu."

Raina ya ɓaci. Na ce wa shugaba, "Yallaɓai, ka ji tsoron Allah. Yau ya fara taɓa ta. Ni kaina yau na fara ganin ta a waje."

Baƙin suka yi murmushi, suka wuce wajen cin abinci.

Kafin wata ya ƙare an mayar da ni cibiyar Ɓaɓura, wai ba ni da ladabi. Sani bai sake zuwa aji ba. Na bi shi har gida ina lallashi, ya ce, "Malam, da 'ya'yana aka kira ni daƙiƙi. Na haƙura."

Ku da kuka fara koyarwa yanzu, ku riƙe wannan: da hannu ake koyon kanikanci. Kayan aiki in sun lalace a hannun ɗalibi, ana gyarawa. Sani kam, har yau ban samu kamarsa ba.