Sawun Zarto a Bindigar Bulus

Ban taɓa mantawa da ranar da bindigar da na gyara ta tashi da kanta ba. Harsashin ya huda ƙasan mota, taku ɗaya tsakaninsa da ƙafar mai ita.

Lokacin ina shekara ta huɗu a wani shagon bindigogin farauta a garin Springfield, can ƙasar Turawa. Aikina gogewa, shafa mai, ɗaure kwali. Ban yi boko ba, amma gidanmu maƙera ne. A hannun ubana na koyi ƙera bindigar toka.

Ƙa'idar shagon ɗaya ce. Sabuwar bindiga in ta zo da aibu, ba a kwance ta. A cike takarda, a mayar wa kamfani, su gyara kyauta. Shi ne garanti. Wani ya sa mata hannu, garanti ya mutu.

Injiniya Bulus mutumin Filato ne, da Hausa muke gaisawa. Ya dawo da sabuwar bindigarsa, kunamarta tana cijewa, ga shi saura kwana goma a buɗe farautar barewa. Manaja ya ce in an mayar wa kamfani sai sati shida.

Bulus ya same ni a bayan shago. "Baba Sale, sati shida? Kafin nan barewar ta yi jikoki."

Na ce, "Kawo ta gida. A garinmu wannan aikin rabin awa ne."

Na kwance ta, na ci bakin ƙarfen da ke riƙe kunamar da zarto, kunama ta yi laushi. Ashe ƙarfen tun daga kamfani bai sha wuta yadda ya kamata ba. Ɗan taurin da ya rage a samansa, shi na kankare. Ranar farauta Bulus na ciro ta daga mota ta tashi.

Aka aika ta kamfani. Amsa ta dawo: aibun nasu ne, amma akwai sawun zarto, don haka babu gyara, babu canji. Manaja ya kira Bulus, a gabana ya tambaye shi wa ya buɗe ta.

Bulus bai ko dube ni ba. Ya ce, "Ni ne."

Ina tsaye riƙe da kwali. Na ci gaba da ɗaure shi. Manaja ya wanke shi tas kamar yaro, ya ce kada ya sake taka shagon.

A wajen ajiye motoci na bi shi. "Injiniya, ka yafe."

"Kana da iyali, Baba. Shi ya sa." Ya buɗe ƙofar motarsa ya nuna mini ramin harsashin. "Nan 'yata take ajiye ƙafa in za mu coci."

Ku da kuke sababbin zuwa ƙasar nan, ku riƙe wannan. Ƙa'idar ba raina hannunku ta yi ba. Hannu yana ganin abin da ya cije, ba ya ganin abin da ke cikin ƙarfe.

Wata biyu na ƙara na ajiye aikin, ban taɓa faɗa wa manaja gaskiya ba. Yanzu ina gadin wani sito a Clinton. An ce in nemi lasisin riƙe bindiga, albashi zai ƙaru. Na ce a bar ni da tocila.