Ranar da Aka Ɗora Ƙanena a Bayan Kura

Jiya da yamma mai shagon ƙofar gidanmu yana jan sarƙar da yake ɗaure janareta da ita, sai ta karta a kan dutse. Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, amma wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Na san wannan ƙarar. Ita muke ji tare da kiɗa a layinmu na Dilimi, a shekarun da masu wasa da kura suke zuwa.

Idan ba ka taɓa ganinsu ido da ido ba, ban san ta inda zan fara maka ba. Sukan zo ne bayan ruwa ya ɗauke, sanyin Jos ya fara cizo, mu yara duk mun sha suwaita da hular sanyi. Ƙarti ne majiya ƙarfi, ba riga a jikinsu sai layu da guraye, da wani buje mai tsummoki ja da kore, ga akayau a ƙafa yana cas-cas. Mu muna rawar ɗari, su kuwa gumi suke yi. Wani ya naɗe mesa a wuya. Wani yana jan gwaggon biri da aka sa wa rigar 'yan ƙwallo, yana sara wa direbobi yana karɓar goro. Amma duk wannan sharar fage ce. Wadda ke sa mahauta su bar teburinsu, teloli su ɗaga ƙafa daga kan keke, ita ce kura.

Ta fi yadda kake zato girma. Gabanta a tashe, bayanta a zube, wuya kamar turmi, baki a ɗaure da takunkumin igiya. Warinta kan riga ta isowa, wani irin ƙarni na tsohon ƙashi. Idan ta yi gurnani, a cikinka kake jin sa. Mai riƙe da sarƙarta wani dattijo ne gajere mai furfura a gemu, da kulki a hannu, amma ban taɓa ganin ya ɗaga mata shi ba. Magana yake yi mata ƙasa-ƙasa, ita kuma ta karkato kunne. Har yau ina mamakin me yake faɗa mata.

A shekarar da nake ba ka labari ina aji uku a firamare, ƙanena kuma ya doshi shekara uku bai taka ba. Ko tsayuwa ba ya yi. Sunan marigayi kakanmu aka sa masa, shi ya sa Kaka, mahaifiyar babanmu, ba ta kama sunansa, sai dai ta ce Maigida. Tun da aka yaye shi ya koma bayanta. Da shi take tankaɗe, da shi take zuwa barka, da shi take zuwa gaisuwar mutuwa. Ummanmu ta kai shi asibiti, aka duba aka ce ƙafafunsa lafiya lau, a riƙa ajiye shi a ƙasa kawai. Kaka ta ce simintin Jos ba wurin ajiye Maigida ba ne, so ake sanyi ya kama masa haƙarƙari. Umma suruka ce, ba ta da bakin musu. Sai dai na sha ganinta a madafa tana share hawaye, musamman ranar da wata gwaggonmu ta ce a fara tunanin keken guragu.

To, akwai abin da kowa ya sani a lokacin: yaron da ya ƙi tafiya, ko mai fitsarin kwance, ko mai yawan firgita, a bayan kura ake ɗora shi. Kaka ba ta yarda da likita ba, amma ta yarda da wannan. Ranar da aka ji kiɗa ta gyara goyo, ta yafa mayafi, ta fita. Umma ta bi ta ko takalmi babu, ni ma na rufa musu baya.

A filin da ake sauke itace jama'a suka yi da'ira. Da Kaka ta kutsa tsakiya, maƙwabciyarmu 'yar Ibo mai sayar da kwanuka ta ɗora hannu a ka.

"Mama, kura za ya cinye wannan yaro fa!"

Kaka ko kallonta ba ta yi ba. Dattijon ya tsayar da kurar, Kaka ta kwance goyo ta ɗora ƙanena a bayanta, amma hannayenta na nan a ƙarƙashin hammatarsa.

"Hajiya, sake shi," in ji dattijon.

"Ai ina riƙe ne kada ya faɗo."

"In da hannun wani a jikinsa, bai hau ba. Haka muka gada. Ki sake shi, ki koma can cikin mutane."

Makaɗa suka tsaya. Na ga Kaka, matar da duk layin ke shakka, ta kasa sakinsa. Ta daɗe a sunkuye, sannan ta zare hannun a hankali, ta ja da baya tana salati.

Ƙanena ya cusa yatsunsa cikin gashin wuyan kura ya damƙe. Dattijon ya yi mata magana, ta fara tafiya. Ban taɓa ganin abu mai ban tsoro da kyau a lokaci guda irin wannan ba: dabbar da ke fasa ƙashin bijimi da haƙori, tana taka ƙasa sannu-sannu saboda ɗan mitsitsin yaro mai jar hular sanyi. Bai yi kuka ba. Idanu kawai ya zaro yana kallon mutane daga sama, kurar ta zagaye filin da shi.

Da suka dawo, dattijon bai miƙa wa Kaka shi ba. Ya sauke shi ya tsayar a ƙasa, ya ɗora masa hannu a kan haƙarƙarin kurar. Ta juyo da kai ta shinshina hularsa. Kaka ta zabura, dattijon ya gitta mata kulki.

"Daga nan za ki kira shi."

"Maigida," ta ce, "taho."

Ya saki kurar. Ya ɗaga ƙafa ya ajiye, ya ƙara ɗagawa. Yana tangaɗi, hannuwa a sama, bakinsa a buɗe, har ya faɗa jikin zanenta. Filin ya kaure da kabbara da guɗa, ganga ta tashi. Maƙwabciyarmu ta yi ta tsalle tana kiran sunan Ubangiji da yarensu. Umma ta durƙushe a ƙasa tana kuka, ni ma na taya ta ban san dalili ba.

Kafin sanyin shekarar ya wuce, ba mai iya kama ƙanena a gidan nan. In Kaka ta ɗauko zanen goyo sai ya ruga zaure. Takan yi dariya ta ce wa baƙi, "Kura ta ƙwace min miji." Amma na sha ganinta tana tankaɗe, ta miƙa hannu baya za ta jijjiga goyo, ta tarar ba kowa.

Yanzu masu kura sun daina shigowa layinmu. Da na girma na fara tunanin yadda takunkumin nan ke cin bakin dabbar, kuma ba zan ce maka daidai ne ba. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, ina kewarsu. 'Ya'yana a waya suke ganin kura, su kalla su ture da ɗan yatsa, ba su san warinta ba, ba su san yadda unguwa guda kan ɗauke numfashi tare ba.

Ƙanena direban tirela ne yanzu, sai ya yi makonni ba mu sa shi a ido ba. Da ciwon ajali ya kama Kaka yana kan hanyar kudu da kaya. Umma ta ɗauko waya za ta ce masa ya juyo, Kaka ta riƙe mata hannu.

"Ku bar shi ya yi tafiyarsa," ta ce. "Ni na sake shi da hannuna."

Sai bayan an kai ta makwancinta ya iso.