Nomiya Mai Jan Lokaci a Ƙofar Ruwa

Shekara talatin Nomiya ya yi yana aikin ƙofar ruwa a gefen birnin Toyama, inda ake tsare jirgi tsakanin ƙofofi biyu har ruwa ya ɗaga shi. Kowa na yabon natsuwarsa, don a hankali yake sakin ruwan. Ba wanda ya gane jan lokaci yake yi. Muddin jirgi na tsare, dole mutanen ciki su saurare shi, gida kuwa ba kowa tun rasuwar matarsa.

Yanzu ya yi ritaya, na'ura ke aikin, daga ofis ake sarrafa ta, amma kullum yana bakin katangar ƙofar da dunƙulen shinkafarsa.

Yau ma jirgin masu shan iska ya shigo. Utako matuƙiya ta ɗago kai tana dariya.

"Baba, ka zo duba ko mun sace ruwan?"

"Ke dai gaya wa 'yan ofis su rage sauri, za su lalata ƙofar nan."

"Ƙofa lafiyarta ƙalau. Kai ne ba ka gama labarin jiya ba."

Ya gyara murya ya fara. Bai kai rabi ba ƙofa ta buɗe. Suka ɗaga masa hannu suka wuce, ya ƙarasa labarin shi kaɗai.