Hannun da Muka Yi wa Sutura

A shekarun da kuɗin fetur ya buɗe a Libiya, ina dako a harabar wani kamfanin neman mai a Sabha, kan hanyar Tamanhint. Aikina sauke akwatunan duwatsun da motoci ke kwasowa daga can cikin sahara. Amma ba aikin ne ya kawo ni ba. Yayana na biyo, wanda ya bar garinmu a Adar ya kama wannan hanya, daga nan ko labari.

Wata rana da hantsi akwati ya suɓuce mana ya fashe. Cikin tarkacen sai ga falalen dutse, a jikinsa hannu. Yatsu biyar a jere, gaɓa-gaɓa, har da ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu. Yayana dogayen yatsu gare shi, da su muke tsokanarsa a gida. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Abokin aikina dattijo ne, mutumin Damagaram. Ya dafa ni ya ce, "Ɗana, kama bakinka. In shurɗa, 'yan sandan ƙasar nan, suka ji, mu marasa takarda za a kwashe. Amma ƙashin musulmi ba ya zama cikin akwati."

Na ce, "Baba, in na yayana ne fa?"

"To, Allah ya kawo ma shi har inda kake."

Ya yage rabin farin rawaninsa muka naɗe dutsen, muka binne shi gindin dabino bayan katanga, muka fuskantar da shi alƙibla. Na yi kuka har na gode Allah.

Daga ranar abinci ya daina shiga. Duk motar da ta shigo sai in ɗauka shurɗa ne suka zo. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake.

Ba a daɗe ba injiniyan da ke tantance duwatsun, wani Balarabe mai faɗan tsiya, ya tara mu yana neman dutsensa. Na tabbata kurkuku ta kira ni, amma na kai shi wurin. Ya tone, ya ga likkafani, ya warware shi.

Sai ya sa ni ƙirga gaɓoɓin yatsa ɗaya. Sun fi na mutum yawa. Ya ce inda aka haƙo dutsen nan, a da teku ne. Wasu dabbobi masu ƙafa huɗu suka bar tudu suka koma ruwa, a hankali jikinsu ya miƙe, yatsunsu suka haɗe suka zama kamar filafilin kwale-kwale. Ya zana mana su a ƙasa da tsinke: masu dogon wuya daban, masu siffar kifi daban, dangin guza daban. Namu, in ji shi, dangin guza ne.

Dattijon ya fashe da dariya. "Oh ni! Rawanina ya tafi a jana'izar guza!"

Kowa ya dara, har injiniyan. Ni ma na dara, tsoron ya sake ni. Suka ɗauki dutsen suka wuce, aka bar ni in mai da ƙasa. Ina cikawa hawaye ya zo mini. 'Yan kwanakin nan kaɗai na taɓa sanin inda yayana yake kwance.